Wasalin da Ruwa Ya Cinye

Tungar Almu, kusa da Abu Hujar
Farkon damina, 1968

Zuwa ga ƙanena Jibril, mai aikin jinya a Hasahisa,

Bayan sallama, ina gaishe ka da aiki, ina gaida Hannatu da yara. Inna tana gaishe ku, ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, kogi ya fara yin ja. Mu duka lafiya, in ka cire mutum ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Baba ne. Kada gabanka ya faɗi, ba kwance yake ba. Da ma kwance yake da na fi samun natsuwa, don mai kwance an san abin da za a yi masa. Shi zaune yake. In an kai tuwon asida zaure, inda suke ciyayya da Kawu Mato da sauran dattawa, loma biyu zai yi ya wanke hannu. Rigarsa ta Sallah yanzu mutum biyu za su shiga. Yana tashi da safe a jiƙe da zufa, yana yini bai yi magana goma ba, Baban da in ya yi kira a bakin kogi ake jin sa a ƙetare.

Malam Usmanu ya yi masa rubutu na kwana bakwai. Inna ta dafa saɓara, ta haɗa masa habbatus sauda da zuma. Duk ya shanye ba musu, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Ka dai san shi, ba ya shan magani sai an yi shari'a.

Ni na san abin da ke cin sa. Taru ne. Tun sanyin bana abin ya fara, kowa a Tunga ya sani, kunya ce ta hana a faɗa a gabansa. Da na yi maka bayani dalla-dalla, amma mai lorin Sinja yana ta danna ƙaho, ga hadari ya taso. Kai ne ɗansa namiji, kai ne kuma ka yi karatun jikin mutum. Ka gaya mana abin da za mu yi, kuma kada ka yi mana irin shirun nan naka na wata biyu.

Yayarka,
Sharifa

*

Hasahisa
4 ga Yuli, 1968

Yaya Sharifa,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hannatu tana gaida Inna da ke. Takardarki ta iso a jiƙe, tawada ta zazzago a wurare da yawa, amma na karanta abin da ya kamata in karanta. Tun ranar ban ci abinci da daɗi ba.

Kalmar nan da kika rubuta ba zan maimaita ta ba, don takarda tana bin hannuwa kafin ta isa. Amma rama, da ƙin abinci, da zufa, da kuma kunyar da kika ce mutane suna ji, duk hanya ɗaya suka nuna. Mu a asibiti sul muke ce masa, wato ciwon huhu. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shiga ruwan sanyi har ƙirji, yana gaban mutum ashirin suna jan wannan ƙatuwar ragar tasa ta taru, dole wata rana ƙirji ya nemi hakkinsa.

Yaya, ki saurare ni da kyau, don ciwon nan yana bin numfashi, kuma yana iya share gida. Daga ranar da takardar nan ta same ki, a ware wa Baba akushinsa da moɗarsa, a yi musu alama. Ya daina ciyayya a zaure. A gyara masa ɗakin nan na baya da ke kusa da rumbu, a buɗe masa taga. Jikoki kada su shiga, musamman 'yarki Yalwa da ba ta da wurin zama sai cinyarsa. Na san zai ji zafi. Gara ya ji zafi da mu binne yara.

Rubutun Malam Usmanu ban hana ba, amma ki sani ƙwayar cutar nan ba ta iya karatu. Saɓarar Inna kuma a bar wa awaki. Ga kwalba biyu na man kifi na aiko, cokali ɗaya safe da yamma, zai riƙe shi kafin hanya ta bushe a kawo shi nan a duba shi sosai. Na yi magana da hakim, babban likitanmu, ya ce zai sama masa gado.

Ki gaya masa ni na ce. In ya ji daga gare ni ne ba zai ƙi ba.

Ƙaninki,
Jibril

*

Tungar Almu
Tsakiyar damina

Jibril,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidanka. Inna lafiya, sai dai kuka. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba, laka ta rufe hanyar Sinja, lori biyu suna nan kafe kamar an shuka su.

Mun yi yadda ka ce. Wallahi takardarka ta kashe min jiki, don ni ban kawo wannan ciwon a raina ba ko kaɗan. Amma na ce kai kake ganin marasa lafiya kullum, ni kuwa iyakata makarantar allo. Na karanta masa a gaban Inna. Ya ce, "Jibrilu yac ce? To, shi ya yi karatu. Ku kai min tabarmata." Ko kallon mu bai yi ba.

Inna ta ɗauki wuƙa ta yi wa akushin tsaga uku a baki. Ni nake kai masa, in ajiye a ƙofa, in ja baya. Ran farko Kawu Mato ya zo da nasa tuwon har ƙofar ɗakin, ya ce shi shekara sittin suna sa hannu a kwano ɗaya, in mutuwa ce ta ɗauke su tare. Baba da kansa ya kore shi. Yalwa kuwa sai da na ɗaure ta da zane a bayana, yarinya 'yar shekara huɗu, tana ihu tana cewa a kai ta wurin mijinta. Yana jin ta, ya juya fuska ga bango.

Man kifinka yana sha. Ya ce a yi maka godiya, bai taɓa sanin zai rayu har a aiko masa da kifi a kwalba daga Hasahisa ba. Wannan ce kaɗai dariyar da na ji daga bakinsa, ita ma ba ta yi ƙarko ba.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Kafin takardarka ta zo, ban taɓa jin Baba ya yi tari ba, ko sau ɗaya. Kwana goma da shigarsa ɗakin nan sai ya fara. Busasshe ne, ba kaki ba jini, kuma na lura sai ya ji takun mutum yake yi, kamar yana cewa a tsaya nesa. Loma biyun nan ta koma ɗaya. Ashe haka ciwon yake, sai an faɗi sunansa yake fitowa? Ni ban gane ba. Ban kuma gane dalilin da ya sa ka ce ba za ka maimaita kalmar da na rubuta ba, sai ka ce ashar na yi.

Ka amsa da wuri. Ina zaune ne kawai, amma zuciyata ba ta zaune.

Sharifa

*

Hasahisa
25 ga Agusta, 1968

Yaya Sharifa,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna da Baba. Muna lafiya, sai dai zazzaɓi ya cika mana asibiti, har a baranda ake shimfiɗa wa mutane.

Yau kwana hamsin da biyu ban ji daga gare ku ba. Kullum sai na bi ta gidan waya, har ma'aikacin yana girgiza min kai tun daga nesa. Jiya na kusa ba wani mutum allurar da ba tasa ba. Ni da kike cewa na iya shiru, ga shi kin rama da riba.

Na san ku. Ina tsoron kun karanta takardata kun sa a ƙarƙashin tabarma, kun koma wa turare da tofi, Baba yana nan zaure yana tari a kan kwanon mutane. In haka ne, Yaya, alhakin yaran nan a wuyanki yake. Ba ni na ƙirƙiro ciwon ba. Ke da hannunki kika rubuta min cewa tari ne ke cin sa, tun sanyi, kuma kowa ya sani. Tarin da ya yi wata bakwai yana ramar da mutum ba shi da wani suna sai wanda na faɗa miki.

Na ba wani mai jirgin ruwa ɗan Sinnar wannan takardar, ya ce zai ratsa ta wajenku. Ko layi ɗaya ne ki ba shi ya dawo min da shi. Ki ce min dai yana da rai.

Jibril

*

Tungar Almu
Ƙarshen damina, ranar da mai jirgi ya zo

Jibril,

Yana da rai. Gaisuwar ke nan da za ka samu yau.

Yaushe na ce tari? Ni Sharifa, yaushe na rubuta maka tari? Taru na ce! Taru, ragar Baba, wadda kai da kanka ka ambata a takardarka ta farko kana yi mana wa'azi! A ajamin nan na sa rufu'a, wasalin u, a kan harafin ra, ina tuna sa ta, don alƙalamin ya ɗiga a wurin. Na karanta takardarka a tsaye a bakin kogi, sai da na nemi wuri na zauna. Wata biyu ina ajiye wa ubana abinci a ƙofa kamar ana ba kare, saboda wasali ɗaya.

To bari in gaya maka abin da mai lori ya hana ni faɗa. Kai ka bar Tunga kana ɗan shekara tara, ka san taru a labari ne. Raga ce da mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Sai ashirin sun taru, goma nan goma can, Baba a tsakiya cikin ruwa yana ba da murya suna amsawa. Tun da aka gama madatsar Rusairis ruwa ya canja hali, sannan 'yan kasuwa suka kawo kalli na nailan, wanda mutum ɗaya zai shimfiɗa da yamma ya kwashe da safe, ba ya raba kifinsa da kowa. Samari suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa.

Da sanyin bana, ruwa ya ja baya, Baba ya sa aka fitar da ragar taru bakin kogi yadda aka saba. Ya tsaya ya yi kiran nan nasa sau uku. Mutum uku suka zo, Kawu Mato da wasu tsofaffi biyu, ɗaya ma da sanda. Mata suna wanki suna kallo. Ya tsaya har rana ta take, sannan ya ce a mayar. Su huɗun suka kasa ɗaga ta, sai da muka sa hannu mu mata. Tun ranar take jibge a bayan rumbu ɓeraye suna biki, tun ranar kuma cikinsa ya rufe.

Ka ga inda ka sa aka kai shi? Ɗakin da ke kusa da rumbu, taga a buɗe. Wata biyu ba abin da yake gani ta tagar nan sai ita.

Mutum ya yi kira ba a amsa ba, ciwonsa ke nan. Mu kuma da muka tashi yi masa magani sai muka kwashe sauran mutum ukun da suka rage masa. Garin neman gira mun rasa ido. Ina jin haushinka, Jibril, ba zan ɓoye ba, amma haushin kaina ya fi, don na san gaskiya na bar ta saboda kai ka yi karatu.

Na shiga ɗakin yanzun nan, na zauna a kan tabarmarsa, na gaya masa kuskure ne. Bai yarda ba. Ya ce, "Ɗiyata, na san wanga zance. In an ga mutum ya kusa tahiya, shi a ka ce ma lahiya lau yake. Tashi ki hita." Sannan ya yi tari.

Ƙafafunsa sun zama kara. Kai ka ɗaura, sai ka zo ka kwance.

Sharifa

*

Hasahisa
26 ga Satumba, 1968

Yaya,

Takardunki biyu sun zo rana ɗaya, ta tsakiyar damina da ta mai jirgi. Na ɗauko takardarki ta farkon damina, wadda ta jiƙe, na kai ta ɗakin gwaji, na sa mata gilashin da muke duba ƙananan abubuwa. Rufu'arki tana nan a kan ra, ta dushe kamar inuwa. Ruwa ne ya jawo tawadar zuwa ƙasan harafin ta zama wasalin kisira, taru ya koma tari. Da na tsaya na duba sau biyu da na gani. Ban tsaya ba, don tun kafin in kai kalmar na riga na yanke hukunci. Kin rubuta min labarin uba, ni kuma na karanta labarin huhu.

Ki yafe min. Ki roƙa min Inna, ki ce saɓararta ba ta awaki ba ce, bakina ne ya yi tsawo. Shi kuwa Baba ban san da fuskar da zan dube shi ba.

Na nemi izinin tafiya, hakim ya ce sai zazzaɓin nan ya lafa, mu uku ne a kan mutum tamanin. Na ba shi labarin duka. Bai yi dariya ba. Ya ce ya sha ganin wanda aka gwada komai nasa lafiya amma yana narkewa, sai ranar da 'yan uwansa suka zo daga ƙauye ya nemi abinci. Ni ma na sha gani, a ɗakin da nake aiki, na ɗauka ba ruwan aikina da shi.

Duk da haka, don Allah a kai kakinsa shafahana, ɗakin maganin Abu Hujar, a aika Sinja a gwada. Ba taurin kai nake yi ba. Wanda ya daɗe ba ya cin abinci kowace cuta tana iya samun ƙofa, kuma ina so in ga ya yarda da takardar da ba ni na rubuta ba, tunda tawa ta ƙone.

Ga ƙunshi na ba mai jirgi. Zaren auduga ne mai kauri, murɗi uku, irin wanda nake tuna yana saƙa da shi. Na zaga kasuwa kwana biyu kafin in samu, kowa nailan yake miƙo min. Ban san yadda za a yi da shi ba, Yaya. Ni na iya cokali safe da yamma. Ke kika san mutumin.

Ƙaninki mai kunya,
Jibril

*

Tungar Almu
Kaka, an fara yankan dawa

Jibril ɗan Inna,

Ina gaishe ka da kyau wannan karon, ina gaida Hannatu da yara. Inna ta ce ta yafe, amma in ka zo sai ka sha saɓara moɗa guda a gabanta.

An gwada kakin, an ce ba komai. Malam Usmanu da kansa ya karanta masa takardar Sinja, ya fassara masa. Ya ce, "Ku duka bakinku ɗaya." Na kai masa zarenka, ya shafa shi da yatsa, ya ce zare mai kyau ne, a ba wanda ke da sauran kwana. Ranar na fita bayan gida na yi kuka har na ƙoshi.

Washegari na kira Kawu Mato da matan gida, muka jawo ragar taru muka baje ta daidai tagarsa. Ɓeraye sun yi mata ɓarna, wani ramin jaki zai wuce. Na zauna na ɗauki zaren na fara ɗinki. Ka san ban taɓa saƙa raga ba. Ƙullin da na sani shi ne na bakin buhu, shi na yi ta yi, ina ja raga tana tattarewa. Kawu Mato kuwa, Allah Ya saka masa, yana tsaye yana ɗaga murya: "Madalla Sharifa! Kwayis! Ko babanki Almu bai kai ki ba!"

Ran farko shiru, sai tari. Rana ta biyu na ji tarin ya tsaya. Na ci gaba, na ma ƙara lalata aikin da gangan. Can wajen hantsi sai na ji murya ta taga, ba ƙaramar nan ta ɗaki ba, ta bakin kogi:

"Ke! Wa yak koya maki wanga ƙulli? Wanga ba gyara ba na, kisan kai na!"

Na ce, "Baba, koma ka kwanta, kai mara lafiya ne. Kada ka shafa mana."

Ya fito yana dafa bango. Sau biyu ya tsaya yana haki, Inna za ta tare shi na riƙe mata zane. Ya fizge zaren daga hannuna, ya zauna a ƙasa, ya warware duk abin da na yi kwana biyu ina yi, yana faɗa, yana zagin ɓeraye da Kawu Mato da ni. Ƙullin dai bai manta ba. Da azahar Inna ta kawo asida da miyar kuɓewa a babban kwano ta ajiye. Kawu Mato ya sa hannu. Yalwa ta zo ta haye cinyar mijinta. Shi kuma idonsa na kan raga, bakinsa na kan faɗa, hannunsa ya tafi kwanon da kansa. Na ƙirga loma tara kafin hawaye su hana ni gani.

Yau kwana goma sha ɗaya da fitowarsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, bai warke ba tukuna, tafiya zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Ban kuma san ko za a sake jan tarun nan ba. Samari biyar dai sun fara zuwa da yamma, wai kallo, ya sa su riƙe masa gefe yana yi musu tsawa. Tari kuwa ya manta da shi.

Na ɗauko akushin nan mai tsaga uku zan fasa, ya hana. Na tambaye shi ko har yanzu bai yarda ba ne. Ya ce ya yarda, ajiya ce yake so a yi. Ya sa ni zauna in rubuta maka saƙonsa yadda ya faɗa, ya kuma ce in sa kowane wasali in danna alƙalami sosai, sannan a naɗe takardar a fata:

"Jibrilu, na gode da zare. Ba ni hushi da kai, tsoro ya sa ka. Amma kwana tamanin da takwas nic ci abinci ni ɗai cikin wanga akushi. In ka zo, ran farko a zuba maka ciki, ka shiga ɗakin baya ka ci, muna zaure kana jin muryarmu. Kwana ɗaya tak. Likita ya kamata shi san ɗanɗanon maganin da yaka ba mutane."

Na wanke akushin, na kife a kan rumbu. Ka gaya mana ranar da za ka zo.

Yayarka,
Sharifa